Kun Tambaya Mun Amsa: Me ya raba kan Ingilawa a kan ranar waliyyinsu?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙo huɗu ne suka faɗo a kan magana guda, uku daga cikin garin Damagaram, ɗaya daga Mirya, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Na rage tsawon wasu saboda ƙarancin fili, masu su a yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni matashi ne a unguwar Zango, kabu-kabu nake yi, kuma gaskiya ni mayen ƙwallon Ingila ne. Yayana yana zaune Birmingham yana aiki a wani sito. Ranar 23 ga Afrilu mun yi waya nake ce masa ai na gani a Facebook yau babbar ranar Ingila ce, barka da feti, sai ya ce min shi yanzu haka daga wurin aiki ya fito, ba konje ba komai, duk layinsu gida ɗaya ya ga an rataya tuta a taga. Wai ya tambayi wani Bature abokin aikinsa ya ce shi bai ma tuna ba, wani kuma ya ɓata rai ya ce tutar nan ta masu ƙin baƙi ce. To ni abun ya ɗaure min kai, mutanen da ke cika filin wasa da wannan tutar ya za a yi ranar ƙasarsu ta zo su yi tsit?

AMSA: Ƙanena, abun da yayanka ya gaya maka haka yake, kuma mutum ukun nan da ya ambata, mai rataya tuta da wanda ya manta da wanda ya ɓata rai, duk Ingilawa ne na gaske kuma kowanensu yana da miliyoyin irinsa. Bari mu bi abun daga tushe.

Ranar 23 ga Afrilu ita ce ranar Waliyyi Joji. A al'adar Kiristoci ta da can kowace ƙasa, kowane gari, har masu sana'a, suna da waliyyin da suka jingina kansu gare shi suna ganin shi ke roƙa musu kariya, to Ingila nata shi ne Joji, kuma tutar nan fara mai jan gicciye da kake gani a tele tutarsa ce. Abun da zai fara ba ka mamaki, mutumin bai taɓa taka ƙasar Ingila ba. Abun da aka ruwaito shi ne soja ne a rundunar Rumawa, mahaifinsa daga yankin Kafadokiya cikin Turkiyya ta yau, mahaifiyarsa ƴar Falasɗinu, aka kashe shi wajen shekara ta 303 zamanin sarki Diyokletiyan saboda ya ƙi barin addininsa. Sai ƙarnoni bayan mutuwarsa aka ɗora masa labarin dodo, wai wani gari ne a Libiya dodo ya addabe su a bakin ruwa, kullum sai an ba shi tumaki, da tumaki suka yi ƙaranci aka koma jefa ƙuri'a a kan ƴaƴan mutane har ta faɗa kan ƴar sarki, sai ga baƙo bisa doki da mashi ya kashe dodon ya cece ta. Bahaushe in ya ji wannan dole ya tuna Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, shi ma ai baƙo ne daga gabas, kuma ba wanda ya taɓa cewa a goge shi daga tarihinmu don ba a Daura aka yanke masa cibi ba. Na kawo wannan ne saboda a Ingila akwai masu cewa ya za mu yi bikin mutumin da ba ɗan ƙasa ba, ni kuma wannan hujjar ba ta cika min ciki ba, domin waliyyin Sikotlan, Andarawus, mutumin Galili ne, na Ailan kuma, Patirik, daga tsibirin Birtaniya aka kamo shi bawa yana yaro, kuma su ba su fasa bikinsu ba.

Ingilawa da takobi suka ɗauko Joji. Lokacin yaƙe-yaƙen gicciye mayaƙan Turai suka yaɗa cewa ya bayyana ya taimake su a Antakiya a 1098, daga nan sunansa ya shiga bakin soja. Wajen 1348 sarki Edward na uku ya kafa ƙungiyar zaɓaɓɓun baradensa ya sa ta ƙarƙashin sunan Joji, har yau cocinsu na nan a fadar Windsor, nan ne ma aka binne Sarauniya Elizabet a 2022. A 1415 sarki Henri na biyar ya ci Faransawa a yaƙin Azinkur, a shekarar nan shugabannin coci suka ɗaga ranar Joji ta shiga sahun manyan bukukuwan ƙasa. Kenan akwai lokacin da ranar nan babba ce ƙwarai, ana barin aiki ana zuwa coci. Sai a 1534 Henri na takwas ya raba gari da Paparoma, sabuwar aƙidar da ta shigo ba ta son yawan girmama waliyyai, aka soke bukukuwansu da dama, na Joji bai mutu ba amma ya yi sanyi.

Amma ni a ganina babban dalilin ba na coci ba ne. Mu nan duk mun saba cewa Ingila, Ingila, alhali ƙasar da ke da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya Birtaniya ce, kuma gida huɗu ne a cikinta, Ingila da Sikotlan da Wels da Ailan ta Arewa. A 1707 aka haɗe majalisar Ingila da ta Sikotlan, a 1801 aka shigo da Ailan, tutar Joji aka narkar da ita cikin babbar tutar nan mai shuɗi da ja da fari. Da wannan babbar tutar suka fita cin duniya, ita sojojin Lugga suka kafa a Kano a 1903 lokacin mu nan Faransawa sun riga sun shigo Damagaram tun 1899. To Ingila ita kaɗai tana da wajen kashi 84 cikin 100 na mutanen Birtaniya, fadar sarki a Landan, majalisa a Landan, kuɗi a Landan, harshen da ake mulki da shi nata ne, don haka Ba'ingile ya daɗe bai ga wani bambanci tsakanin ce masa ɗan Ingila da ce masa ɗan Birtaniya ba, duk abun da ke na Birtaniya gani yake nasa ne. Ƴan Sikotlan da Wels da Ailan su ne kullum ke cikin fargabar kada babba ya haɗiye su, shi ya sa suka riƙe ranakunsu da harshensu da waƙoƙinsu gam.

Ka duba ranakun ƙasa da ka sani mana. Mu 3 ga Agusta 1960 muka karɓi ƴanci daga Faransa, Najeriya 1 ga Oktoba, Amurka 4 ga Yuli kuma daga hannun su Ingilawan ta ƙwace, Faransa 14 ga Yuli ranar da talakawa suka fasa kurkukun Basti a 1789. Duk rana ce da mutane suka fita daga ƙarƙashin wani. Ingila kuwa rabon da wani ya ci ta da yaƙi ya zauna tun 1066, ba ta da ranar da za ta nuna ta ce yau aka sake mu. Ailan ita ce akasinta, ta sha mulkin Landan ƙarnoni, yunwar da ta fara a 1845 ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya wani miliyan ya yi hijira, waɗannan ƴan gudun hijirar su suka ƙara wa ranar Patirik, 17 ga Maris, girma a Amurka don kada ƴaƴansu su manta asalinsu, yau a New York gagarumin defile ake yi, a Chicago kogi guda ake rinawa kore. Su kansu Ingilawa suna faɗa da bakinsu cewa garuruwansu sun fi motsi ranar waliyyin Ailan a kan ranar nasu.

Yanzu maganar wanda ya ɓata rai. Tunda yawancin mutane sun ajiye tutar Joji ba sa amfani da ita sai a bisa hasumiyar coci, sai ƙungiyoyin masu ƙin baƙi suka same ta a yashe suka ɗauka. Wadda ta fi ɓata mata suna a idon Musulmi ita ce EDL, wato wai ƙungiyar kare Ingila, da aka kafa a garin Luton a 2009, sun yi ta zanga-zanga a unguwannin Musulmi da ƙofar masallatai da wannan tutar a wuya, wasunsu har da shigar mayaƙan gicciye. Wanda aka taɓa zagi a titi da wannan tutar a hannun mai zagin, ba za ka ce masa ya manta ba, kuma ni ba zan ga laifinsa ba in gabansa ya faɗi da ya hango ta a tagar maƙwabci. Ko a Agustan 2025 an yi ta rataya tutocin a jikin turakun fitilun titi a garuruwa da dama har da Birmingham ɗin yayanka, daidai lokacin da ake zanga-zanga a gaban otel-otel ɗin da aka ajiye masu neman mafaka, masu ratayawa na cewa son ƙasa ne, wasu na cewa tsoratarwa ce.

Sai dai ƙwallon da kake so ita ta fara maido da tutar hannun jama'a. In ka samu hotunan kofin duniya na 1966 da Ingila ta ci a Wembley ka duba cikin ƴan kallo, babbar tutar Birtaniya ce ta fi yawa. A gasar Turai ta 1996 ne abun ya juya, Ingila ce mai masauki kuma aka haɗa ta rukuni ɗaya da Sikotlan, ta ci 2 da 0, to ba ya yiwuwa ka ɗaga tutar da abokin karawarka ke da rabo a ciki, sai fara mai jan gicciye ta cika fili, tun daga nan ta zama tutar ƙwallo. Shekara uku bayan haka, 1999, Sikotlan ta samu majalisarta Wels ma ta samu tata, Ingila ba a ba ta ba, sai wasu Ingilawa suka fara tambaya to mu fa, mu su wane ne. Kuma ka san abun da ya faru a 2021 a wasan ƙarshe da Italiya, na tabbata kana gidan kallo a daren nan kan benci ana ihu injin wuta na ruri, Rashford da Sancho da Saka suka ɓarar da fenariti, kafin gari ya waye an cika shafukansu da zagin launin fata, sannan kuma dubban Ingilawa suka fito suka tsaya musu, a unguwar su Rashford a Manchester aka lulluɓe hotonsa na bango da aka ɓata da takardun ƙauna. Masu zagin da masu lallashin duk tuta ɗaya suke ɗagawa, kuma Saka ɗan iyaye ƴan Najeriya ƙarƙashinta yake buga ƙwallo.

Akwai kuma maganar talaka da mai ilimi wadda ba a cika kawo mana ita a rediyo ba. A Ingila yawancin masu rataya tutar nan a gida leburori ne da masu aikin hannu na ƙananan garuruwa, ƴan boko na manyan birane kuma da yawansu kunya take ba su, gani suke abun ƴan ƙauye ne. A 2014 wata depite ta jam'iyyar Leba, Emily Thornberry, ta je kamfe garin Rochester ta ɗauki hoton wani gida mai tutocin Joji uku da farar motar kaya a ƙofa ta sa a Twitter, ba ta rubuta zagi ba, amma ƙasa ta ɗauka raini ne ga talaka, a ranar ta ajiye muƙaminta na jam'iyya. Wannan jin cewa an raina mu ya taka rawa a ƙuri'ar fita daga Tarayyar Turai a 2016, Ingila ta ce a fita da kashi 53, Sikotlan ta ce a zauna da kashi 62. Ga shi kuma addinin kansa ya ja baya, ƙidayar 2021 ta nuna a Ingila da Wels masu cewa su Kirista ne sun koma kashi 46, masu cewa ba su da addini kashi 37, Musulmi kashi 6 da rabi, to wanda bai taka coci ba shekara da shekaru waliyyi ba zai tashe shi daga barci ba, shi ne abokin aikin yayanka da ya ce bai tuna ba.

In ra'ayina kake so, masu kunyar tutar nan su ne suka fi yin kuskure, duk da na fahimci dalilinsu. Duk shekarar da mutanen kirki suka naɗe ta suka sa a akwati, masu ƙiyayya ne kaɗai ake gani da ita a titi, sai baƙo ya ƙara tsoronta, sai mai kirkin ya ƙara jin kunya, haka abun ke ta zagayawa. Shi ya sa nake yaba abun da ake yi a Landan, kowace shekara ofishin magajin gari na shirya bikin ranar a dandalin Trafalgar da kiɗa da rumfunan abinci da wasannin yara, kuma magajin garin tun 2016 Sadiq Khan ne, Musulmi ɗan direban bas daga Pakistan.

TAMBAYA: Malam ni madan ce, ina koyar da tarihi a wata kwaleji a Sabon Gari. Wani ɗalibina ya ce ya ji wai wannan Jojin shi ne Halliru da ke cikin Suratul Kahfi. Na ce masa ya bari in bincika. Akwai ƙamshin gaskiya?

AMSA: Malama sannu da fama da yara, kuma ɗalibin naki a yaba masa, ba daga iska ya ɗauko ba. A Falasɗinu da Lubnan da Siriya mutanen gari sun daɗe suna haɗa sunayen biyu. Kusa da Baitalami akwai ƙauye mai suna Al-Khadir, a cikinsa akwai tsohon cocin Joji, kuma Kirista da Musulmi duk suna zuwa wurin da bakance da neman lafiya. A garin Ludd, inda kabarin da ake danganta wa Joji yake, cocinsa da masallacin Al-Khadir bango ɗaya ya raba su. Ludd ɗin nan kuwa ɗalibanki sun san shi ko ba su lura ba, shi ne wanda ya zo a hadisin Muslim cewa a ƙofarsa Annabi Isa alaihis salam zai kashe Dujal.

Amma ki gaya masa al'adar mutanen wuri daban, abun da ke cikin littafi daban. Bawan Allah na Suratul Kahfi da Annabi Musa ya haɗu, Joji kuwa ya rayu wajen shekara 300 bayan Annabi Isa, tazarar da ke tsakaninsu ta fi shekara dubu. Wanda malaman tarihinmu suka sani shi ne Jirjis, Imam Ɗabari ya kawo labarinsa a littafinsa na tarihi a matsayin mumini da azzalumin sarki ya azabtar don ya ƙi bauta wa gunki, kuma a Mosul ta Iraƙi akwai masallacin da ke ɗauke da sunansa wanda ƴan Da'ish suka rusa a 2014.

Tunda tarihi kike koyarwa ki ƙara musu da wannan, ya fi kusa da mu. Habasha ma Joji ne waliyyinta, suna ce masa Giyorgis. A Lalibela akwai cocinsa da aka sassaƙa cikin dutse guda daga sama zuwa ƙasa da siffar gicciye, kuma a yaƙin Adwa na 1896 da Menelik ya karya Italiyawa an fita da akwatin alfarma na cocin Giyorgis tare da runduna. Kenan waliyyin da Turawa suka riƙe, baƙar fata ma sun kira sunansa ranar da suka kori Turawa daga ƙasarsu. Ƙasar Jojiya tana riƙe da shi, a Barcelona kuma ranar 23 ga Afrilun nan tituna cika suke da masu sayar da littattafai da jan fure ana yi wa juna kyauta. Masu ɗaga tutarsa a Ingila don korar baƙi, wanda suke tinƙaho da shi mutumin Gabas ta Tsakiya ne.

TAMBAYA: Ɗana, ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne a Birni, na bar aiki da daɗewa. Ni dai abun da na sani in hukuma na son rana ta yi daraja sai ta ba da konje, kamar yadda muke da 3 ga Agusta da 18 ga Disamba da 24 ga Afrilu. Me ya hana gwamnatin Ingila ta yi haka a huta?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma da lafiya. An sha kawo maganar. A zaɓen 2017 jam'iyyar Leba ƙarƙashin Jeremy Corbyn ta yi alkawarin mayar da ranakun waliyyan nan huɗu ranakun hutu a duk Birtaniya, ba ta ci zaɓe ba maganar ta kwanta. Ana ta kai koke majalisa, amsar gwamnati kusan kullum ɗaya ce, wai rana guda ba aiki asara ce babba ga tattalin arziki. Akwai kuma matsalar kalanda, Ingila ranakun hutunta 8 ne a shekara, kuma huɗu daga ciki sun cunkushe tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Mayu, biyu na Ista biyu na watan Mayu, ga 23 ga Afrilu ta faɗo tsakiyarsu. Har wata shekarar in ta faɗa cikin makon Ista coci da kanta ke ɗage ta, kamar 2025 da aka kai ta 28 ga wata. Sikotlan ita ta sa ranar Andarawus, 30 ga Nuwamba, cikin ranakun hutu tun 2007, Ailan ta Arewa na hutun ranar Patirik, Wels kuma ba ta da hutu ranar Dawud, 1 ga Maris, amma yara na zuwa lakwal da kayan gargajiya ana waƙe-waƙe da harshensu.

Wannan na Wels ɗin shi ya sa Baba, da girmamawa, ban bi ka duka ba. Konje yana taimakawa amma ba shi ke sa rana ta shiga zuciya ba, kuma mu ma shaida ne. 24 ga Afrilu da ka ambata, washegarin ranar Joji kenan, ranar haɗin kan ƙasa ce, tunawa da yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995 tsakanin gwamnati da ƴan tawayen arewa, zamanin shugaba Mahamman Usman ɗan garin nan. Rana ce mai nauyi, jini aka tsayar da ita. Amma Baba ka ratsa fadojin samari a Zango ko Garin Malam ranar, ka tsaya inda ake dafa shayi ka tambaye su me ya sa yau ba lakwal, za ka ji amsoshin da za su sosa maka rai, kuma laifin ba nasu ba ne, namu ne da ba mu zaunar da su mun ba su labarin ba. 18 ga Disamba ta 2018 da aka yi Zinder Sabuwa kowa ya san an yi, domin an ga kwalta da fitilu da baƙi, amma shekarun da bikin ke wani gari sai ma'aikata da ƴan defile. To ka kwatanta da ranar hawan sallah, tun da hantsi hanyar ƙofar fada ta cika ba masaka tsinke, mata da goyo, yara sun hau katanga, dogarai da jajayen kaya na buɗa hanya, kakaki da algaita na tashi, mahaya na zuwa jahi ƙura ta turnuƙe, ba sanarwar rediyo ce ta fito da mutanen nan ba, kakanninsu ne suka kawo iyayensu, iyayen suka kawo su. Ingilawa wannan sarƙar ce ta tsinke musu ƙarnoni da suka wuce, yanzu ƴan sikawut da ke maci da ƴan rawar gargajiya masu ƙararrawa a ƙafa da wasu ƙananan garuruwa ne ke ƙoƙarin ɗaura ta. In an ba su konjen zan yi musu murna, amma sai sun fara shirya tsakaninsu a kan bikin wa za a yi kuma wa aka gayyata.

TAMBAYA: Malam daga Mirya nake. Ɗiyata tana aure a Ingila, ta ce a makarantar jikokina an ce su zo da kaya ja da fari ranar wannan bikin. Hankalina bai kwanta ba, kada a sa min su cikin addinin wasu.

AMSA: Inna Allah ya raya su ya shirya miki su. Ki kwantar da hankali ki sa ɗiyar taki ta yi abu guda, ta je wurin shugabar makarantar ta tambaya me za a yi a ranar dalla-dalla. A yawancin makarantun gwamnati abun bai wuce zanen tuta da ba da labarin dodo da ɗan wasan kwaikwayo ba, wani lokacin a haɗa da karatun Shakespeare tunda shi ma ranar 23 ga Afrilu 1616 ya rasu. In makarantar ta coci ce ko an ce za a kai su addu'a, dokar Ingila ta ba iyaye dama su cire ɗansu daga ibadar makaranta, takarda kawai za ta rubuta, ba mai korar yaro a kan haka. Hukuncin sa kayan kansa kuma ta kai wa limamin masallacinsu na can, shi ya san garin ya san makarantar, kuma ba ita ce uwa ta farko da ta kai masa wannan tambayar ba.

Abun da zan roƙe ki shi ne kada a tsorata yaran da ƙasar da aka haife su. Can za su girma, can za su nemi aiki, kuma za su haɗu da masu ce musu ku ba ƴan nan ba ne, bai kamata su fara jin wannan maganar daga gida ba. Ki dinga kiransu ta bidiyo kina yi musu Hausa, ki ba su labarin Mirya da garakenta da tsamiyoyinta, in an samu hali uwar ta kawo su su yi sallah a gabanki ko da sau ɗaya ne cikin ƴan shekaru.

Mai tambaya ko gyara ya aiko ta hanyar da aka saba, a rubuta unguwa ko gari, sunan ba dole ba ne.